Yadda ake haɗa RAID da yadda ake canza faifan da ya mutu ba tare da an rasa data ba

Jama'a tambayar nan ta yi yawa, kusan duk sati sai wani ya turo min hoton allon kwamfutarsa yana cewa Malam dubi abin da na tarar, faifai ɗaya ya faɗi, yaya zan yi? Wasu kuma ba su ma haɗa ba tukuna, wane irin RAID za su zaɓa suke tambaya, wato tsarin haɗa faya-fayan ajiyar data da yawa su yi aiki kamar guda ɗaya. To na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya a wuce wurin. Da Linux da mdadm, manhajar da ke haɗa RAID a Linux, zan yi bayani saboda kyauta ne kuma shi hannuna ya fi sabawa da shi, amma mai akwatin ajiyar data na NAS irin na Synology ko QNAP kar ya wuce, mdadm ɗin ne dai a ciki aka lulluɓe shi da maɓallai masu kyau.

Faifai kam sai ya mutu, babu makawa, kuma mutuwarsa ba ita ce ke cin data ba in ka haɗa abin daidai. Inda ake yin asara shi ne awannin da ke tsakanin faɗuwar faifai na farko da lokacin da sabon ya gama cika. Duk abin da za ka gani a ƙasa shirin waɗannan awannin ne. Zan riƙa kiran tarin faya-fayan da aka haɗa wuri ɗaya da garke, don mu fahimci juna.

1. Zaɓi irin garken, ka lissafa abin da zai ci maka

RAID 0 cire shi daga lissafi, gudu kawai yake bayarwa, faifai ɗaya ya tafi komai ya tafi. RAID 1 faifai biyu ne kowanne kwafin ɗan uwansa, rabin wurin da ka saya kake mora. RAID 5 yana farawa daga faifai 3, yana cinye wurin faifai ɗaya wajen ajiye fariti, wato lissafin da ake cike giɓi da shi in wani ya ɓace, kuma mutuwar faifai ɗaya kaɗai yake iya jurewa. RAID 6 daga faifai 4 yake farawa, wurin biyu yake ci, kowane biyu suka mutu yana nan a tsaye. RAID 10 shi ma daga 4, ana haɗa su bibbiyu sannan a raba data a kansu, rabin wuri kake samu.

A aikace, in kana da faifai 4 masu 8TB: RAID 5 zai ba ka 24TB, RAID 6 da RAID 10 kowanne 16TB. In 6 ne, RAID 6 zai ba ka 32TB, RAID 10 kuma 24TB. Kuɗin tsaron kenan, da faifai ake biyansa.

Ni dai ra'ayina, faifai in ya wuce 4TB ba na yi masa RAID 5, kuma ga dalili. Takardar faifan gida na yau da kullum tana cewa ana iya cin karo da wurin da ya ƙi karantuwa sau 1 cikin bit 10^14, wajen 12.5TB kenan na karatu. To garken RAID 5 mai faifai 4 na 8TB in ɗaya ya mutu sai an karanta 24TB cif daga sauran ukun kafin a gina sabon, kuma babu wani fariti da ya rage da zai rufa asiri in an yi tuntuɓe a hanya. Gaskiya faya-fayai sukan fi abin da takarda ta faɗa nagarta, da yawa suna gama ginin lafiya lau, amma ni ba na son in kwana ina addu'a a kan abin da faifai ɗaya ƙari zai kawar. Faya-fayan kamfani 1 cikin 10^15 ake rubuta musu, shi ya sa suka fi tsada.

RAID 10 ya fi saurin rubutu da saurin sake gini, shi ya dace da rumbun data mai yawan aiki, amma ka sani in faifai biyun da suke kwafin juna ne suka mutu tare to shikenan, ko da sauran lafiyarsu ƙalau.

Gargaɗi: RAID ba kwafin ajiya ba ne. Ka goge fayil bisa kuskure, ko ƙwayar cutar masu neman kuɗin fansa ta kulle shi, duk faya-fayan a daƙiƙa ɗaya za su bi sahu. Kwafi 3, a kan irin ma'aji 2, ɗaya a wani gini daban, wannan aiki ne mai zaman kansa.

2. Sayen kaya

Abu na farko da za ka duba a jikin faifai CMR ne ko SMR, wato salon da yake bi wajen jera rubutu. SMR yana jera layukan rubutu wani kan wani kamar rufin kwano, in aka matsa masa da dogon rubutu irin na sake gini sai ya yi sanyi sosai har garken ya ɗauka ya mutu ya kore shi. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu WD Red masu 2TB zuwa 6TB SMR ne, daga baya kamfanin ya ware Red Plus a matsayin CMR. Sunan da ke kan kwali bai isa ba, ka ɗauki lambar samfurin ka duba takardar bayaninsa.

Na biyu, kar ka sayi dukkansu rana ɗaya daga kwali ɗaya in da hali. 'Yan gida ɗaya ne, tare aka ƙera su, tare za su yi aiki a zafi ɗaya da girgiza ɗaya, ba abin mamaki ba ne su tsufa tare. Ka gauraya kamfani ko ka raba lokacin saye.

Sauran kaya: faifai ɗaya ƙari na safaya, UPS mai wayar da za ta gaya wa saba ta kashe kanta in batir ya kusa ƙarewa, wayoyin SATA sababbi, fanka mai hura faya-fayan kai tsaye, da takarda mai gam da biro. UPS ɗin ba ado ba ne, in wuta ta ɗauke an rubuta data ba a kai ga rubuta faritinta ba, RAID 5 da 6 suna iya zama da lissafin da bai dace ba kuma ba za ka sani ba sai ranar da ake buƙatarsa.

Masu son katin RAID na musamman, ku tabbata yana da batir ko abin da ke riƙe masa ƙwaƙwalwa in wuta ta tafi, kuma ku sani ranar da katin ya mutu sai kun nemo irinsa. Da mdadm kuwa kwashe faya-fayan kawai za ka yi ka kai wata kwamfutar Linux.

3. Gwada kowane faifai, sannan ka rubuta lambarsa

Ka saka smartmontools, manhajar duba lafiyar faifai, sannan kowane faifai ka yi masa:

smartctl -t long /dev/sdb

in ya gama, awanni yake ɗauka, ka duba da smartctl -a /dev/sdb. Layukan da za ka zuba wa ido su ne masu lambar ID 5, 187, 197 da 198, a sabon faifai duk sifili ya kamata su nuna. Layi na 199 in yana hawa yawanci waya ce ba faifan ba, canza wayar tukuna kafin ka zargi bawan Allah. Mai haƙuri ya ƙara da badblocks -wsv -b 4096 /dev/sdb, yana rubuta faifan kaf ya karanta har zagaye huɗu, a 8TB ka ba shi wajen kwana biyar.

Gargaɗi: badblocks mai -w goge komai yake yi. Sabon faifai kaɗai, kuma ka karanta harafin sau biyu kafin ka danna.

Yanzu abin da kowa ke rainawa. Ka buga lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL, ka kwafi haruffa huɗu ko biyar na ƙarshen lambar kowane faifai a takarda mai gam ka manna a bakin ramin da yake ciki, inda ido zai gani ba sai an zaro shi ba. Sunaye irin sdb da sdc ba su da amana, suna iya canza wuri bayan an kashe an kunna. Zan ba ku labarin abin da rashin wannan takardar ya ja min in mun zo mataki na 7.

4. Haɗa garken

Kar ka ba mdadm faifan ɗungurungum, ka yanka fatishan, wato yankin faifan da za a yi amfani da shi, ka bar ɗan rara a ƙarshe, saboda wani lokacin faifai biyu duka an rubuta musu girma ɗaya amma ɗaya ya gaza da kaɗan, kuma wanda ya gaza ko da ƙiris ne ba zai shiga garke ba.

parted -s /dev/sdb -- mklabel gpt mkpart raid 1MiB -200MiB

Ka maimaita wa sauran, sannan:

mdadm --create /dev/md0 --level=6 --raid-devices=4 --bitmap=internal /dev/sdb1 /dev/sdc1 /dev/sdd1 /dev/sde1

Wannan bitmap ɗin ɗan littafi ne da ke tuna wuraren da aka taɓa, in faifai ya fice na ɗan lokaci saboda waya ta motsa sai a cike abin da ya wuce shi kawai cikin mintuna maimakon a faro daga farko. Yana ɗan rage saurin rubutu, ni dai ban taɓa ganin ragin ya kai a cire shi ba.

Ka leƙa cat /proc/mdstat za ka ga yana daidaita faya-fayan. Ka yi fomat da mkfs.ext4 /dev/md0 ko XFS in ka fi so, sannan ka ajiye bayanin garken:

mdadm --detail --scan >> /etc/mdadm/mdadm.conf
update-initramfs -u

Wannan na Debian da Ubuntu ne, a dangin Red Hat fayil ɗin /etc/mdadm.conf ne. In ka tsallake nan sai ka kunna gobe ka ga garken ya koma md127 ka rasa gane kansa. A fstab ma, fayil ɗin da ke jera abin da za a hau lokacin tashi, UUID za ka saka, wato lambar shaida da ba ta canzawa, blkid zai ba ka. Safaya kuma mdadm /dev/md0 --add /dev/sdf1, tunda garken a cike yake zai ajiye ta a gefe, ranar da wani ya faɗi da kansa zai jawo ta ya fara gini ko kana barci. In kuma faifan da kwamfutar ke tashi da shi ne ka yi wa RAID 1, ka saka GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, a dukkan biyun, in ba haka ba data na nan amma injin ya ƙi tashi.

Saura abu ɗaya da ba a cika faɗa ba. Linux daƙiƙa 30 yake jiran faifai ya amsa, faifan gida kuwa in ya ci karo da wuri mai wuyar karatu yana iya shafe fiye da haka yana ta fama, sai Linux ya gaji ya ce ya mutu alhali da ransa. Ka duba smartctl -l scterc /dev/sdb, in faifan ya yarda ka sa masa smartctl -l scterc,70,70 /dev/sdb, wato ya haƙura bayan daƙiƙa 7 ya bar garken ya gyara wurin daga fariti. In bai yarda ba sai ka tsawaita haƙurin Linux da echo 180 > /sys/block/sdb/device/timeout. Na biyun yana gogewa duk lokacin da aka kashe injin, na farkon ma a faya-fayai da yawa haka ne, don haka a rubutun da ke gudana lokacin tashi za ka saka su.

5. Ƙararrawa

RAID mai kyau ɓoye maka mutuwar faifai yake yi, aikinsa kenan, komai zai ci gaba da buɗewa kamar ba abin da ya faru. Na taɓa zuwa duba wata saba da aka ce ta tsaya cak, da na buɗe tarihin injin sai na ga faifai na farko ya mutu tun watanni da suka wuce, ba wanda ya sani, ranar da na biyu ya bi shi ne aka kira ni. Imel ɗin gargaɗin yana ta tafiya akwatin wani da ya daɗe da barin aikin.

Ka saka layin MAILADDR da adireshin da ake buɗewa kullum a mdadm.conf, sannan ka gwada:

mdadm --monitor --scan --test --oneshot

In saƙo bai shigo wayarka ba to ba ka da ƙararrawa, ka tsaya nan ka gyara hanyar tura imel ɗin kafin ka ci gaba. Ka kunna smartd shi ma ya riƙa kai ƙara in layi na 5 ko 197 ya fara motsi. Kuma tun garken babu komai a ciki ka yi atisaye, ka kayar da faifai ɗaya da gangan da --fail, ka cire ka mayar, ka ga tsawon lokacin da ginin ke ci a injinka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6. Rairaya duk wata

echo check > /sys/block/md0/md/sync_action

Wannan yana karanta kowane lungu na kowane faifai, in ya tarar da wurin da ya ruɓe sai ya sake rubuta shi daga fariti tun garken na da cikakken ƙarfi. Wuraren da ba a taɓa buɗewa, tsofaffin hotuna da takardun shekaru, nan ɓarna ke kwanciya shiru sai ranar sake gini ta taso. Debian ta daɗe tana zuwa da wannan a Lahadin farko ta kowane wata, amma ka tabbatar da idonka yana gudana. In ya gama ka duba mismatch_cnt a wuri ɗaya, a RAID 5 ko 6 in ba sifili ba ne a bincika. Masu amfani da tsarin ZFS maimakon mdadm naku zpool scrub ne.

7. Ranar da faifai ya faɗi

Saƙo ya shigo, ka buɗe mdstat ka ga UU_U maimakon UUUU, da harafin F kusa da sunan wani faifai. To ɗan uwa zauna tukuna, data ɗinka na nan, kar ka kashe injin kar ka zari komai.

Farko, ka duba kwafin ajiyarka na yaushe ne. In ya kwana biyu, ka kwashe fayilolin da ba za ka iya rasawa ba yanzun nan kafin ka fara gini, musamman a RAID 5 ko RAID 1 da ba su da sauran kariya, saboda ginin shi ne aiki mafi nauyi da sauran faya-fayan za su yi kuma tsofaffi ne kamar wanda ya mutu. In safaya ta riga ta fara cika da kanta kar ka tsayar da ita, ka dai rage wa injin sauran ayyuka.

Na biyu, smartctl -a a kan duk waɗanda suka rage, ka san da wa kake tafiya. Ka leƙa dmesg ma, in kurakuran na waya ne ko na wuta to wataƙila faifan lafiyarsa lau, gyara wayar ka mayar da shi da --re-add, bitmap zai cike giɓin.

Na uku, gano faifan da lambarsa. mdadm --detail /dev/md0 zai faɗa maka wanda ya faɗi, lsblk ya ba ka lambarsa, in ya mutu murus har ba ya bayyana sai ka rubuta lambobin masu rai, wanda babu shi a jerin shi ne gawar. Ga labarin da na ce zan bayar. RAID 5 ne mai faifai 4, sdc ya mutu, dare ya yi ina sauri, sai na ƙirga daga sama da yatsa, a, b, c, na kama na uku na zaro. Ina jin motarsa tana rage gudu a tafin hannuna, da ɗuminsa, a nan gabana ya faɗi, don wanda ya mutun ya riga ya daina juyi. Wanda ya haɗa injin bai jera wayoyin bi da bi ba, lafiyayye na cire, garke ya tsaya. Allah ya taimake ni ba a rubuta komai a 'yan daƙiƙun ba na samu na tayar da shi, amma tun ranar ba na taɓa faifai sai na haɗa lambar allo da ta takarda. Garin gyaran gira saura ƙiris in rasa ido.

Na huɗu, cire shi a rubuce kafin ka cire shi da hannu:

mdadm /dev/md0 --fail /dev/sdc1 --remove /dev/sdc1

In akwatinka ba na zarewa yana kunne ba ne, ka kashe injin yadda ya kamata sannan ka canza. Sabon faifai ya shiga, a ce ya fito a sdg, ka kwafa masa tsarin fatishan daga lafiyayye:

sgdisk /dev/sdb -R /dev/sdg
sgdisk -G /dev/sdg
mdadm /dev/md0 --add /dev/sdg1

Gargaɗi: a layin farko wanda ke bayan -R shi ake rubuta wa. Ka juya su, ka shafe fatishan ɗin lafiyayyen faifai da na wofi. Ka sake buga lsblk bayan kunnawa don haruffa na iya canzawa.

Na biyar, jira. Faifan 8TB a gudun 150MB a daƙiƙa wajen awa 15 ne in ba abin da ke damunsa, in ana aiki da injin yana iya kai kwana biyu ko fiye. Linux yana ja da baya da ginin in ya ga ana buƙatar faya-fayan, in kana so ya matsa ka ɗaga lambar da ke /proc/sys/dev/raid/speed_limit_min, asalinta 1000 ce, ka kai ta 50000 ko sama. Ka dakatar da manyan kwafe-kwafe, ka sa ido kan zafi a layi na 194, kar kowa ya matsar da akwatin. Sai ka ga UUUU ta dawo sannan ka yi numfashi.

Wata dabara, in faifan bai mutu ba tari kawai yake yi, layi na 5 ko 197 na hawa, kar ka kayar da shi. In akwai ramin da ba kowa ka saka sabon ka yi --add, sannan mdadm /dev/md0 --replace /dev/sdc1 --with /dev/sdg1. Zai kwafe daga tsohon yana nan a cikin garke, inda ya kasa karantuwa a ɗauko daga fariti, ba za ka zauna ko minti ɗaya babu kariya ba. Wannan ita ce hanyar da na fi so nesa ba kusa ba.

8. In abin ya wuce ƙarfin garken

Biyu sun faɗi a RAID 5, ko uku a RAID 6. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: kar ka yi fomat, kar ka yi fsck, kuma don Allah kar ka sake buga --create a kan faya-fayan don ka ga wani ya ce ta yi masa aiki, kuskure ɗaya a jerin faya-fayan ko girman yanka ya isa ya dagula komai.

Ka tsayar da garken da mdadm --stop /dev/md0, ka yi mdadm --examine a kan kowane fatishan ka adana abin da ya fito a wani wuri, ka kwatanta lambar Events. Sau da yawa faifai na biyun bai mutu ba, korar sa aka yi, za ka ga lambarsa ta yi kusa da ta sauran, shi kuwa wanda ya fara faɗuwa an bar shi a baya da nisa. Wanda ke da rauni ka kwafe shi zuwa sabon faifai da ddrescue tare da fayil ɗin taswira don in ya tsaya ya ci gaba daga inda ya kwana, sannan ka gwada mdadm --assemble --force da kwafin da sauran masu lafiya, ban da wanda aka bari a baya. In ya tashi ka hau shi a karatu kawai da mount -o ro, ka kwashe kayanka zuwa wani wuri kafin komai. In kuwa faifan ƙara yake yi ƙwas ƙwas kuma data ɗin ba ta da kwafi, cire masa wuta, wannan aikin masu ɗakin buɗe faifai ne kuma kowane kunnawa ƙara ɓarna yake.

9. Bayan an gama

Ka sake yin rairaya ɗaya, ka gyara takardar bakin rami da sabuwar lamba. Tsohon faifan in har yana amsawa ka yi masa mdadm --zero-superblock don kar wata rana a saka shi a wani inji ya ce shi ɗan garke ne, in za ka mayar da shi don garanti ka goge shi gaba ɗaya tukuna. Safaya kuma ta riga ta shiga aiki, ramin ta babu kowa yanzu, ka yi odar wata a ranar, in ta iso ta bi ta mataki na 3 kafin ka yi mata --add.